Yadda Ake Zaɓar Giyabos Mai Giyar Hannu Ga Injin Motar Da Ka Haɗa Da Kanka

Mafi yawan masu ƙera mota a gida inji suke fara saye, su yanka ƙarfe su walda shasi, sai daga baya su shiga kasuwa neman giyabos ɗin da zai shiga ramin da ya rage. A nan aikin yake lalacewa. Giyabos ne ke nuna inda kujera za ta zauna, faɗin wurin ƙafa, tsawon farfela, da irin aksul ɗin da za ka saya. Saboda haka inji da giyabos su kasance a ƙasa, a ɗaure da juna, kafin a kunna injin walda. Ga yadda ake bi.

Mataki na 1: Ina injin zai zauna, wace taya ce za ta ja?

Idan inji a gaba ne a miƙe, tayoyin baya ke ja, kana buƙatar dogon giyabos mai fitar da farfela ta baya. Wannan shi ne tsarin Lotus Seven na 1957, wanda masu haɗa mota a gareji a Ingila suka daɗe suna kwaikwayo da kayan Ford Sierra, daga baya kuma da na Mazda MX-5. Shi ne ya fi sauƙin aiki, kuma a kansa jagorar nan ta fi tsayawa.

Idan inji a bayan direba kake so, hanya mafi arha ita ce ka ɗauko inji da giyabos na mota mai ja da gaba, kamar Golf ko Corolla, a haɗe yadda suke, ka dasa su a baya da shaf ɗinsu. Matsalar da za ta rage ita ce sandar giya, domin yanzu giyabos yana bayanka. Nemi wanda ake canza masa giya da waya, kamar 02A na Volkswagen, saboda waya tana lanƙwasa ta bi duk inda ka kai ta, sanda kuwa ba ta yi.

Kula da ɓangaren da injin ke juyawa. Tsofaffin injinan Honda, jerin B, D, F (ban da na S2000) da H, suna juyawa ne saɓanin yawancin injina. Ka haɗa su da giyabos na wani kamfani, sai ka samu giya biyar na baya da ɗaya na gaba. Jerin K na Honda ba shi da wannan matsala.

Mataki na 2: Ƙarfin murɗa, ba dawakai ba

Abin da ke karya haƙorin giya shi ne ƙarfin murɗa, wanda ake aunawa da Nm, wato newton-mita. Yawan dawakan inji bai shafi wannan kai tsaye ba. Injin dizal mai turbo irin 1KZ-TE yana ba da kusan Nm 290 tun yana juyi 2,000 a minti, kuma yana bayarwa da bugu. Zai fi wahalar da giyabos fiye da injin fetur mai dawakai da yawa da ke samun ƙarfinsa a juyi 6,000.

Kamfanoni kaɗan ne ke bayyana iyakar giyabos ɗinsu. Na BMW sun sauƙaƙa: lambar tana cikin sunan. Getrag S5D 250G na Nm 250 ne, ZF S5D 320Z kuma na Nm 320. Ga sauran, duba inji mafi ƙarfi da kamfanin da kansa ya taɓa sa wa a gaba. Toyota ta sa giyabos W58 a bayan injin 2JZ-GE mai kusan Nm 285, amma da ta zo kan 7M-GTE mai turbo, mai kusan Nm 345, sai ta koma R154. Wannan ya gaya maka inda iyakar W58 take ba tare da ka tambayi kowa ba. Type 9 na Ford Sierra ana ƙiyasta shi a wajen Nm 270.

Bar rarar kashi 20 cikin 100 a kan abin da injinka ke bayarwa. Idan akwai niyyar sa turbo nan gaba, yi lissafi da ƙarfin da za a samu lokacin. Nauyin mota ma yana da tasiri: a mota mai kilo 700, taya za ta yi santsi kafin haƙori ya karye, amma a mai kilo 1,500 da faffaɗar taya, duk bugun a kan giyabos zai sauka. Kada kuma ka wuce gona da iri. T56 mai giya shida na Chevrolet Camaro a bayan injin lita 1.6 nauyi ne kawai da cin wurin ƙafa.

Mataki na 3: Shin zai ɗauru da injin?

Zaɓi na farko a kullum shi ne giyabos ɗin da kamfani ya haɗa da wannan injin. 22R da W56 ko G52 na Hilux, 4A-GE da T50, 2JZ-GE da W58, injin BMW da nasa Getrag ko ZF. Komai ya riga ya dace: fulawil, kuloci, kik, tsawon shaf. Kuɗin da za ka ƙara wajen sayen su a haɗe bai kai rabin wanda za ka kashe wurin masu tona, wato masu goge ƙarfe a inji, ba idan ka sayo su daban-daban.

Zaɓi na biyu shi ne giyabos mai ƙoƙon da ake kwancewa, wato wannan faffaɗan ɓangaren gaba da ke rufe kuloci. Jerin W da jerin R na Toyota, Type 9 na Ford, da T5 na BorgWarner duk ƙoƙonsu da kusoshi aka ɗaure shi, don haka kana iya nemo ƙoƙon da ya dace da injinka ka sauya. Sai dai ƙoƙon W ba ya hawa R, na R ma ba ya hawa W. Injin Zetec na Ford yana ɗauruwa da Type 9 domin ramukansa ɗaya ne da na tsohon Pinto. Duratec mai lita 2.0 kuma yana shiga giyabos ɗin MX-5 zubi na uku.

Zaɓi na ƙarshe shi ne farantin haɗi. Wani lokaci ba makawa: 1UZ-FE na Lexus LS400 bai taɓa fitowa da giyar hannu ba, dole a yi masa faranti ko ƙoƙo na musamman da fulawil. Idan ka kai nan, ga abin da ya wajaba.

Faranti ya zama na alminiyam mai kauri ko ƙarfe, milimita 12 zuwa 20, a goge fuskokinsa biyu a inji su zama daidai. Kusoshi ba su ne ke saita giyabos a tsakiya ba, aikinsu matsewa ne kawai. Masu saitawa su ne gajerun turaku biyu da ke jikin bulo. Dole faranti ya samu ramukan turakun inji a gefe ɗaya, da nasa turakun na giyabos a ɗaya gefen, kuma a huda su a injin tona daga ma'auni guda. Farantin da aka zana da kwali aka huda da dirin hannu zai ɗauru, motar ma za ta tashi, amma ba za ta daɗe ba.

Gwada saitin da agogon awo, wato ma'auni mai allura da ke nuna ɗan ƙanƙanin motsi. Ɗaura ƙoƙon shi kaɗai a jikin inji, manna gindin agogon a fulawil, allurarsa ta taɓa cikin zagayen ramin da giyabos ke zama. Juya karanshaf a hankali zagaye ɗaya, ka rubuta lamba mafi girma da mafi ƙanƙanta. Raba bambancin biyu. Abin da ya fito kada ya wuce milimita 0.13. Idan ya wuce, shaf ɗin giyabos zai riƙa juyawa a karkace: boris ɗin gaba zai mutu, tsakiyar faifan kuloci zai tsage, giya ta huɗu ta riƙa fita da kanta.

Kaurin faranti yana ja da giyabos baya, shaf ya gajarta da daidai wannan kaurin. A cike giɓin da fulawil ɗin da aka ƙera da tudu, da dogon bushin a gindin karanshaf. Sannan a auna abu huɗu da baniya, wato ma'aunin kauri da zurfi, kafin a ɗaure komai:

Bakin shaf ya shiga ƙaramin boris na gindin karanshaf aƙalla milimita 10, amma kada ya tokare. Bar milimita 2 zuwa 3 a gabansa. Idan ya tokare, matse kusoshi zai tura karanshaf gaba ya cinye metal ɗin da ke riƙe shi, injin ya lalace cikin ɗan lokaci.

Haƙoran shaf su yi daidai da na faifan kuloci, a yawa da kauri. W58 da R154 haƙori 21 ne, Type 9 na da 23, T5 na Mustang 10, T56 kuma 26. Ƙa'idar ita ce: faifan ya bi giyabos a haƙora, ya bi fulawil a faɗi, murfin matsi kuma ya bi fulawil.

Cibiyar faifan ta hau haƙoran gaba ɗaya, ba rabi ba.

Haƙorin kik ya kama na fulawil sosai, ya kuma saki bayan inji ya tashi. A wasu injinan na Peugeot da BMW, na'urar da ke karanta juyin karanshaf a jikin fulawil take karantawa. Canza fulawil a irin wannan injin, ya ƙi tashi ƙememe.

Kada a walda fulawil, kada a ƙara masa ramuka da hannu, kada a rage kaurin na zubin ƙarfe don ya yi sauƙi. A ƙaramar mota fulawil yana daidai idon sawunka, kuma idan ya fashe a juyi 6,000 ƙoƙon alminiyam ba zai tare shi ba.

Abu biyu da ake yawan mantawa. Injinan BMW masu silinda shida a kishingiɗe suke zama, haka ma injin Peugeot 504 da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna. Giyabos ɗinsu an yi shi ne don wannan kwanciyar, don haka a bayan injin da ke tsaye sandar giya za ta karkata gefe, ramin zuba mai ma ya sauka daga inda ya kamata. Na biyu, giyabos ɗin 504 salun ba shi da farfela a buɗe, wutsiyarsa tana ɗaure ne da wani bututu da ya tafi har aksul. In za ka yi amfani da shi, ɗauki bututun da aksul ɗin gaba ɗaya.

Injin da aka ciro daga mota mai ja da gaba aka miƙar da shi yana da nasa aikin: bakin shan iska zai fuskanci bangon direba, bututun ruwa zai fito ta baya, kuma sau da yawa gindin karanshaf ba shi da boris, sai an tona bushin an sa.

Mataki na 4: Lissafin rabon giya

Wannan ne ke bambanta motar da ke da daɗin tuƙi da wadda ke ihu a kan titi. Lambobi uku kake buƙata: kewayen taya, rabon aksul, da rabon kowace giya.

Taya 195/65 R15: 195 sau 0.65 ya ba da milimita 127, sau biyu 254. Rim inci 15 sau 25.4 ya ba da 381. Jimla 635. Sau 3.14, kewaye ya zama mita 1.99. A gudun kilomita 100 a awa, wannan taya tana juyi 837 a minti.

Rabon aksul ana samunsa da ƙirga haƙora: babban faifai 41, ƙaramin 10, rabo 4.10. Idan 43 da 10 ne, 4.30. Idan 41 da 11 ne, 3.73. In ba ka son buɗewa, ɗaga taya ɗaya, ɗayar tana ƙasa, juya wadda ke sama sau biyu cif, ka ƙirga juyin da bakin farfela ya yi.

Juyin inji shi ne juyin taya sau rabon aksul sau rabon giya. Ga rabon wasu da ake samu, daga ta ɗaya zuwa ta biyar:

W58: 3.285, 1.894, 1.275, 1.000, 0.783
W56 na Hilux: 3.954, 2.141, 1.384, 1.000, 0.850
R154: 3.251, 1.955, 1.310, 1.000, 0.753
Type 9: 3.65, 1.97, 1.37, 1.00, 0.82
MX-5 na farko: 3.136, 1.888, 1.330, 1.000, 0.814
ZF S5D 320Z: 4.21, 2.49, 1.66, 1.24, 1.00

Fara da giya ta biyar. W58 da aksul 4.10 a kilomita 100: 837 sau 4.10 sau 0.783, juyi kusan 2,690. Wannan ya yi wa injin fetur mai silinda huɗu daidai. Da aksul 3.73 zai sauka 2,445, wanda ya fi dacewa da silinda shida ko dizal. Yanzu ɗauki ZF ɗin BMW, wanda giyarsa ta biyar 1.00 ce, ka haɗa da aksul 4.10: juyi 3,430 a kilomita 100, sama da 4,100 a kilomita 120. Ga shan mai, ga zafi, ga ƙara. Laifin ba na giyabos ba ne. BMW 328i da aksul 2.93 ta zo, wanda ke ba da juyi 2,450. Duk giyabos da aksul ɗinsa aka tsara shi, don haka a zaɓe su tare.

Sai giya ta ɗaya. Ninka rabonta da na aksul. Ga mota mara nauyi da taya irin ta sama, 12 zuwa 14 ya isa. W58 da 4.10 ya ba da 13.5, motar za ta kai kilomita 49 a juyi 5,500. W56 da aksul 4.30 ya ba da 17, ba za ta wuce kilomita 39 ba. A Hilux mai ɗaukar buhuna da babbar taya wannan alheri ne. A mota mai kujera biyu kuwa, kafin ka tsallake mararraba giya ta ɗaya ta ƙare, ƙarshe ka koma tashi da ta biyu kana ƙona kuloci. Amma idan motar yashi ko ta gona kake haɗawa, W56 ɗin ne naka.

Na uku, tazarar da ke tsakanin giya. Ninka juyin da kake canzawa da rabon giyar gaba, ka raba da na wadda ka baro. Daga juyi 5,500 a ta ɗaya, MX-5 zai sauke ka a 3,310, W58 a 3,170, W56 a 2,980. Ƙaramin injin da ba ya farkawa sai ya haura 4,000 yana son giya masu kusanci. Babban inji ko dizal bai damu da tazara ba.

Mataki na 5: Zai shiga motar?

Auna daga fuskar ƙoƙo zuwa tsakiyar sandar giya, zuwa inda matashin giyabos yake, da zuwa ƙarshen wutsiya. Auna faɗi a daidai inda fedal zai zauna, har da fanfon kuloci na ƙasa da kik, domin su ne ke cinye wurin ƙafa. Zauna a kujerar a inda za ta kasance: sandar giya ta zo hannu ba tare da kafaɗa ta bar jingina ba. Giyabos ɗin a-kori-kura sandarsa tana can gaba, sau da yawa ƙarƙashin dashbod take faɗowa. Bar aƙalla milimita 15 tsakanin giyabos da shasi ta kowane gefe, saboda inji yana motsi a kan robobinsa. Gindin ƙoƙo kuma kada ya sauko ƙasa da shasi, in ba haka ba tudun rage gudu na farko zai same shi.

Mataki na 6: Dubawa a kasuwa

Ko a Kofar Ruwa ta Kano ne, ko Panteka ta Kaduna, ko Ladipo a Legas, ko Suame a Kumasi, giyabos ɗin Toyota da yawa kamarsu ɗaya a ido. Kada ka dogara da sunan da mai kaya ya faɗa. Sa alli a shaf na gaba da na baya, sa giya ta ɗaya, ka ƙirga: juyi uku da kwata kafin na baya ya zagaya sau ɗaya W58 ne, kusan huɗu kuwa na Hilux ne. Bi duk giyar har ribas kana juyawa da hannu. Kada a ji tsalle ko wurin da ya cije.

Kwance kusar zubar da mai ka duba maganaɗisunta. Laushin toka-toka ba komai. Ɓarɓashin ƙarfe da yatsa ke ji haƙori ne ko boris. Ƙyalli ruwan zinariya a cikin man tagullar sinkoro ce, wato zoben da ke daidaita gudun giya kafin ta shiga, ta cinye. Mai fari kamar madara ruwa ya shiga, a bar shi. Shaf na gaba ya ɗan girgiza gefe ba laifi, tunda karanshaf ne ke riƙe bakinsa, amma kada ya shiga ya fita. Guji na mota mai ja da taya huɗu, irin R150F da R151F, idan baya kawai za ka ja: ba su da wutsiya, shaf ɗinsu na baya gajere ne.

Sayi komai a ciniki ɗaya: ƙoƙo, fok da rilis boris, fanfon ƙasa, sandar giya, matashi, farantin ƙura, kusoshi, da guntun farfela mai shiga wutsiya. Waɗannan ƙananan su ne ke wahalar samu daga baya. Karɓi rasiti mai lambar inji, za a nema wajen rajista.

Mataki na 7: Kuloci, farfela da mai

Sa sabon faifai, sabon rilis boris, da sabon sil na bayan karanshaf tun giyabos yana ƙasa. Yawancin murfin matsi na buƙatar a tura shi milimita 8 zuwa 10 kafin ya saki. Misali: fedal mai tafiyar milimita 140 da rabon 6 da 1 yana tura fanfon sama milimita 23. Fanfon sama mai faɗin 15.9 da na ƙasa mai 19 zai ba da milimita 16. Fok mai rabon 1.8 ya mayar da shi 9. Idan bai kai ba, ƙara faɗin fanfon sama, fedal zai ɗan yi tauri. Idan ya zarce, sa wa fedal tokari, don kada yatsun murfin su lanƙwashe.

Farfela kada ta miƙe sak, kada kuma ta karye da yawa. Kusurwar kowane kuros, wato mahaɗin farfela mai lanƙwasa, ta kasance digiri 1 zuwa 3, na gaba da na baya su yi daidai da juna, bambancinsu kada ya wuce rabin digiri. Kunnuwan kuros biyun su kalli ɓangare ɗaya. Mota tana tsaye a kan tayoyinta, tura guntun farfela cikin wutsiya har ƙarshe, ja shi baya milimita 20, daga nan a auna tsawon. In ta wuce mita 1.5, a yi ta gida biyu da boris a tsakiya. Bayan walda a kai ta a daidaita nauyinta, a kuma yi mata zoben ƙarfe a jikin shasi kusa da kuros na gaba, don in ta tsinke kada ta caki ƙasa ko ta faso ciki.

Man giya GL-4 75W-90 ya dace da yawancin masu sinkoron tagulla. T5 na baya-baya kuwa man otomatik yake sha, mai kauri zai hana shi shiga giya. Kwance kusar zubawa ta gefe kafin ta ƙasa, ka cika har ya fara dawowa. W58 na cin kusan lita 2.4, R154 lita 3. Idan injin daga motar otomatik ya fito, sai mai wayarin ya gyara layin da ke hana tashi in ba a fakin ba, ya kuma haɗa fitilar ribas da na'urar mitar gudu.

Gwajin farko da abin da alamu ke nufi

Ɗaga tayoyin baya a kan jak masu ƙafa, tada inji, taka kuloci, jira daƙiƙa uku, sa ribas. Idan ya yi ƙara, kuloci bai saki ba: ko iska a layi, ko tafiyar fok ta gaza, ko an sa faifai a juye, ko ƙaramin boris ya kama shaf. Ƙugi a firi da ke ɗaukewa in ka taka kuloci boris ɗin shaf na gaba ne. Ƙarar da ke zuwa sai ka taka, rilis boris ne. Giyar da ke fita da kanta in ka saki totur, fara duba ko sanda tana taɓa jikin mota, sannan robar matashi, sannan ka koma kan awon agogo. Karkarwar da ke zuwa a wani gudu ta wuce, kusurwar farfela ce ko kunnuwan kuros. Juyin inji ya hau gudu bai ƙaru ba a giya ta huɗu, kuloci na santsi: ko babu sarari a fedal, ko mai ya zubo a faifai, ko murfin ya yi wa injin kaɗan.

Bayan kilomita 100 na farko a sake matse kusoshin ƙoƙo, na matashi da na farfela. A kilomita 1,000 a zubar da man, a duba maganaɗisu, a zuba sabo. Kafin nan a riƙa tashi a hankali, domin sabon faifai yana buƙatar wajen kilomita 500 na tuƙin cikin gari kafin ya zauna a kan fulawil.